Faɗaɗa OSPF da IS-IS a babbar netwok: abin da za ka gwada kafin ka yanka ta gida-gida

Ranar 27 ga Oktoba, 1980, ARPANET, netwok ɗin Amurka da ta haifi intanet, ta tsaya cak na tsawon sa'o'i, alhali wayoyinta lafiya lau. Wata na'ura mai larura ce ta zubar da 'yan bit daga lambar jerin wata sanarwa, sai sanarwa ɗaya ta zama uku, masu lamba 8 da 40 da 44. Lambobin a wancan zamani zagayowa suke yi kamar hannun agogo, don haka 44 ta fi 40 sabunta, 40 ta fi 8, ita kuma 8 ta fi 44. Kowace na'ura ta karɓi ɗaya sai ta ce wannan ce sabuwa, ta watsa wa maƙwabtanta, haka aka yi ta yi har ba wanda ke da sukunin wani aiki. Eric Rosen ya rubuta yadda abin ya faru a RFC 789, ɗaya daga cikin takardun RFC masu lamba da ake rubuta ƙa'idoji da bayanan intanet a cikinsu.

Na fara da wannan labari ne domin har yau inda ƙafar ke gurɗewa bai canza ba. A tsarin halin-layi, wato OSPF da IS-IS, ƙa'idoji biyu da na'urorin netwok ke bi su san hanyar zuwa ga juna, kowace rauta, wato na'urar da ke zaɓar wa bayanai hanya, tana shelanta su wa take haɗe da su da nauyin kowane layi, sanarwar ta malala ko'ina kamar ambaliya, kowa ya riƙe taswira iri ɗaya, sannan kowa ya yi lissafin Dijkstra, wato na gano hanya mafi gajarta, da kansa. Yawancin mutane lissafin suke jin tsoro. Amma furosesar rauta ta yanzu tana gama shi cikin milisakan kaɗan ko da rautocin sun kai ɗaruruwa. Ambaliyar ce mai kisa, ita da layin da ba ya zama wuri ɗaya. Tsohuwar maganar nan ta cewa kada yanki, wato rukunin rautocin da ke riƙe taswira ɗaya, ya wuce rauta 50 ta samo asali ne daga na'urorin shekarun 1990, kuma bin ta ido rufe yau zai sa ka yanka abin da bai kamata a taɓa shi ba.

Mataki na farko: gano me ke ciwo

Kafin ka taɓa komai, zauna da rauta mafi rauni a netwok ɗin, ba mafi ƙarfi ba. Tunda kowa a yanki taswira ɗaya yake ɗauka, ita ce ma'aunin iyakarka. A rautocin kamfanin Cisco, umarnin show ip ospf statistics da show isis spf-log za su nuna maka sau nawa aka yi lissafi, tsawon lokacin da ya ci, da kuma wanda ya jawo shi. A Junos, manhajar rautocin kamfanin Juniper, akwai show isis spf log da show ospf log. Sashen wanda ya jawo shi ne zinariyar. Sau da yawa za ka tarar rauta biyu ko uku ne ke haddasa mafi yawan hayaniyar, saboda wani layi nasu yana ta ƙyaftawa, ya ɗauke ya dawo.

Sannan ka ƙirga abin da ke cikin taswirar, ka raba shi biyu: nawa ne bayanin siffar netwok, wato rautoci da layukan da ke tsakaninsu, nawa ne kuma adireshi kawai. Idan adireshi ne suka cika ta, magani daban. Idan yawan maƙwabta ne a kan kowace rauta, shi ma maganinsa daban. Wanda bai bambance waɗannan biyun ba zai yi gyaran gangar Auzinawa.

Mataki na biyu: share taswirar

Nan ne riba ta fi yawa, haɗari kuma ya fi ƙanƙanta. Ƙa'idar ita ce OSPF ko IS-IS su ɗauki abin da ake bukata don rautoci su iske juna, musamman adireshin lufbak na kowace rauta, wato adireshin rautar kanta wanda bai rataya a kan wani layi ba. Hanyoyin kwastomomi da na intanet aikin BGP ne, tsarin da manyan netwok ke musayar hanyoyi da shi. Na taɓa ganin daren da wani abokin aiki ya cire matatar da ke tsakanin BGP da OSPF da niyyar mayar da ita bayan minti ɗaya. Minti ɗayan ya isa. Sanarwar waje, nau'i na 5, ta cika kowace rauta da ba ta cikin rufaffen yanki, wato wanda aka hana sanarwar waje shiga, ƙananan suka cinye memorinsu suka fara sake kunna kansu, kuma duk wadda ta farfaɗo sai maƙwabta su sake ɗura mata abin da ya kashe ta. Tun daga ranar ba na barin netwok ba tare da max-lsa da redistribute maximum-prefix ba, umarnai biyu masu ƙayyade yawan abin da za a bari ya shigo.

Bayan haka, duk layin Ethernet da rauta biyu kaɗai ke kansa, ka ayyana shi a matsayin layin mutum biyu, da ip ospf network point-to-point ko makamancinsa a IS-IS, kamar yadda RFC 5309 ta bayyana. In ba ka yi ba, za a yi zaɓen wakili a kan layin, a ƙirƙiri ƙarin sanarwa da ƙarin kulli a taswira, duk don mutum biyu da ke kallon juna. Adireshin layukan da ke tsakanin rautoci ma ba dole ne kowa ya san su ba. RFC 6860 ta ba OSPF hanyar ɓoye su, a IS-IS kuma ana iya cewa a tallata adireshin ƙofofin da ba sa neman maƙwabci kaɗai. A netwok mai layuka 3,000, ka sauke adireshi 3,000 ke nan daga teburin kowa. Abin da za ka rasa shi ne ba za ka iya yi wa adireshin layin ping, wato gwada ko yana amsawa, daga nesa ba, don haka ka tabbata na'urar sa-ido da lufbak take magana.

Wani ɗan bambanci da ya kamata ka sani: a OSPFv2 adireshi da siffar netwok a sanarwa ɗaya suke zaune, nau'i na 1. OSPFv3, a RFC 5340, ta raba su, ta ba adireshi sanarwarsu ta daban. IS-IS kuwa tun da can idan adireshi kawai ya canza tana iya gyara teburi ba tare da ta sake zana bishiyar hanyoyi gaba ɗaya ba.

Mataki na uku: agogo

Kada ka rage lokacin gaisuwar maƙwabta zuwa ƙasa-ƙasa don neman saurin gano yankewa. Idan furosesa ta shagala da ambaliya ta makara wajen gaisuwa, maƙwabci zai ɗauka ta mutu, ya fitar da sabuwar sanarwa, ambaliyar ta ƙaru, wani ma ya makara. Bar gaisuwar OSPF a daƙiƙa 10 ɗinta, da 40 na jira kafin a ce maƙwabci ya mutu, ka ba BFD, wani ɗan tsari mai saurin duba ko layi na raye, aikin gano yankewa, tunda a manyan rautoci da yawa katin layi ne ke yin sa, ba babbar furosesa ba.

Jinkirin lissafi kuma ka daidaita shi a duk netwok. RFC 8405 ta 2018 ta kawo tsari guda: canji na farko a jira milisakan 50, in abin ya ci gaba 200, in ya ƙi lafawa a koma daƙiƙa 5. Amfaninsa ya wuce hutar da furosesa. Idan rautocin kamfanoni daban-daban suna lissafi a lokuta mabambanta, ana samun ɗan lokacin da wannan ke tura fakiti, wato ƙunshin bayanai, ga wancan, wancan na dawo masa da shi.

Sabunta sanarwa ma kaya ne. OSPF tana sake fitar da kowace sanarwa duk minti 30, ta mutu bayan awa ɗaya. IS-IS ta saba da rayuwar daƙiƙa 1,200 da sabuntawa a 900, amma za ka iya ɗaga rayuwar har 65,535, ka sa sabuntawa ƙasa da haka kaɗan. Kuma ka sa rauta mai tashi daga barci ta ce kada a bi ta kanta tukuna, da set-overload-bit on-startup a IS-IS ko max-metric router-lsa on-startup a OSPF, har BGP ɗinta ya gama shiryawa.

Mataki na huɗu: idan yawan maƙwabta ne matsalar

Ɗauki cibiyar bayanai mai rautocin tsakiya 16, wato ginshiƙai, da rautocin gefe 200, wato ganyaye, kowane ganye haɗe da kowane ginshiƙi. Layuka 3,200 ke nan. Ganye ɗaya ya fitar da sanarwa, ta tafi ga ginshiƙai 16. Kowane ginshiƙi ya tura wa sauran ganyaye 199. Kowane ganye ya karɓi kwafi 16 na abu ɗaya, 15 daga ciki sharar banza, amma sai ya buɗe kowanne ya duba lambarsa kafin ya yar. Yanzu ka ce ginshiƙi ne ya faɗi: ganyaye 200 kowanne zai fitar da tasa sanarwar a lokaci guda, kowace kuma ta bi waccan hanyar. Lissafin Dijkstra bai ma shigo maganar ba tukuna.

Tsohon magani shi ne rukunin raga na IS-IS, RFC 2973, wanda aka yi a zamanin ATM, wata tsohuwar fasahar layukan sadarwa. Kai da hannunka kake cewa kada a watsa ta wannan layi da wancan. Yana aiki, sai dai ranar da layukan da ka bari a buɗe suka yanke tare, wata rauta za ta zauna da tsohuwar taswira tana tura fakiti inda babu hanya. Ba na son sa sai a inda siffar netwok ba ta canzawa.

Sabon magani shi ne RFC 9667 ta 2024. Rautocin suna zaɓen jagoran yanki, a fitar da wata 'yar ƙaramar raga daga cikin babbar, sanarwa ta riƙa bi ta cikinta kaɗai, ko jagoran ya lissafa ta ya raba wa kowa, ko kowa ya lissafa da dabara iri ɗaya. Fakitin masu amfani suna ci gaba da bin duk layukan, taswirar kowa kuma cikakkiya ce. Wannan ne kyawunsa: ka rage hayaniya ba ka rage gani ba. Matsayinsa na gwaji ne, kuma ba kowane kamfani ne ya saka shi ba, don haka ka tambayi mai sayar maka da na'ura kafin ka gina shiri a kansa.

Akwai kuma akasin matsalar. Tsohuwar al'adar IS-IS ita ce tazarar milisakan 33 tsakanin sanarwa da sanarwa, kusan 30 a daƙiƙa. Sanarwa 1,000 za su ci fiye da rabin minti kafin su ƙetare layi guda. RFC 9681 ta ba mai karɓa damar faɗin saurin da zai iya ɗauka, mai turawa ya bi.

Mataki na biyar: yanka yankuna, da abin da za ka biya

Sai ka gama waɗancan, ka sake aunawa, ka ga har yanzu rauta mafi rauni tana nishi, sannan ka ɗauko wuƙa.

A OSPF iyaka tana cikin rauta ne: ƙofa ɗaya a yanki 0, wanda shi ne ƙashin baya, wata a yanki 1. Rautar iyaka tana riƙe taswirar kowane yanki daban, ta sanar da adireshin wannan ga wancan da sanarwa nau'i na 3. Abin lura shi ne tsakanin yankuna ba taswira ake bayarwa ba, labari ne kawai: adireshi kaza yana wajena, nisansa kaza. Shi ya sa dole kowane yanki ya jingina da yanki 0, don kada labari ya zagaya ya dawo wa mai shi. A IS-IS iyakar yanki a kan layi take, kuma rautoci hawa biyu ne: mataki na 1 na cikin yanki, mataki na 2 na tsakanin yankuna; ƙashin bayan kuwa shi ne jerin rautocin mataki na 2, wanda dole ya kasance a haɗe ba yankewa. Rautar mataki na 1 ba ta san komai a waje ba, tana miƙa duk abin da ba ta gane ba ga rautar iyaka mafi kusa da ta ɗaga tutar ATT, alamar cewa tana da hanyar fita waje.

Yankawa kaɗai ba ta rage yawan adireshi a OSPF. Siffa kawai take ɓoyewa. Sai ka dunƙule adireshi a iyaka, ko ka rufe yankin ya zama ana ba shi hanyar gama-gari kawai, wato hanya ɗaya ta duk abin da ke waje, sannan teburi ke raguwa. Dunƙulewa kuwa sai in tun farko an raba adireshi da tsari. Idan rukunin adireshi irin 10.1.0.0/16 a warwatse yake a yankuna huɗu, babu abin da za ka dunƙule.

Ga kuma ramin da mutane ke faɗawa. Rautocin iyaka biyu, A da B, duka suna tallata 10.1.0.0/16. Wani layi ya yanke a cikin yankin, ya zama A ba ta iya kaiwa 10.1.7.0/24, B ce kaɗai ke iyawa. A ba za ta daina tallata dunƙulen ba, tunda sauran adireshin na wajenta. Fakitin 10.1.7.0 da ya zo hannunta zai faɗa hanyar zubarwa da dunƙulewar ta ƙirƙira, shiru kake ji. Maganin shi ne a sami layi tsakanin A da B a cikin yankin kansa, mai ƙarfin ɗaukar kayan. To amma OSPF kullum tana fifita hanyar cikin yanki a kan ta waje komai nauyinta, don haka idan layin A da B a yanki 0 ka sa shi, zirga-zirgar yanki 1 za ta ƙi shi ta bi ta wani siririn layi a ƙasa. RFC 5185 ta ba da damar layi ɗaya ya yi wa yankuna biyu aiki saboda wannan.

A IS-IS kuɗin da ake biya shi ne mafita mafi kusa ba lallai ta zama mafi kyau ba. Ana gyara wannan da zubo wasu adireshi daga mataki na 2 zuwa na 1, bisa RFC 5302, tare da alamar da ke hana su sake hawa sama. Ka kuma tabbata kana kan faffaɗan ma'aunin nauyi na RFC 5305, domin tsohon ya tsaya ne a 63 ga kowane layi.

Idan kana da MPLS, tsarin da ke tura fakiti ta bututu bisa lakabin da aka manna masa, lissafin ya ƙara tsada. LDP, mai raba lakaban, a asalinsa yana neman adireshin /32, wato na rauta guda, daidai-wa-daida kafin ya yi amfani da lakabi, saboda haka dunƙule lufbak yana karya bututun. Ko ka bar su su wuce ɗaya-ɗaya, ko ka nemi RFC 5283. Tsarin da ke tsara wa zirga-zirga hanyar da za ta bi shi ma iyakar ganinsa iyakar yankinsa, sai ka kawo na'urar lissafin hanya ta tsakiya, ka ciyar da ita taswirar kowane yanki ta BGP-LS, wato BGP mai ɗauke da taswira. SRv6, wadda ke amfani da adireshi a madadin lakabin MPLS, ta sauƙaƙa dunƙulewa tunda adireshin IPv6 ne zalla, amma idan rautar can nesa ta mutu a bayan dunƙule, ba mai gaya maka da wuri. Waɗannan dalilai ne suka sa kamfanonin sadarwa da yawa suka gwammace su bar ƙashin bayansu a mataki na 2 guda ɗaya shimfiɗaɗɗe, su yi ta share shi. A ganina suna da gaskiya, matuƙar na'urorinsu na ɗauka.

Shawarata ga mai fara IS-IS: sa kowa a mataki na 2 kaɗai tun ranar farko. Ƙara yankunan mataki na 1 a gefe daga baya abu ne mai sauƙi. Wanda ya bar kowa a matakai biyun, kamar yadda Cisco ke zuwa da shi, taswira biyu yake ɗauka a banza.

Mataki na shida: inda tsarin halin-layi ya kamata ya tsaya

Wani girman ya wuce yankuna. Netwok mai dubun-dubatar ƙananan rautoci a bakin hasumiyoyin waya ba ta bukatar kowace ta san kowace. A nan ana raba ta zuwa tsibirai, kowane da OSPF ko IS-IS ɗinsa mai zaman kansa, a ɗinke su da BGP mai ɗauke da lakabi, RFC 8277, wadda ta gaji 3107. Ƙyaftawar layi a tsibiri ɗaya ba ta isa ɗayan. Abin da ka saya da shi kuwa shi ne ƙarin hawa na lakabi da ƙarin wuraren da za ka leƙa idan abu ya lalace da tsakar dare.

A cibiyoyin bayanai wasu sun fita daga tsarin gaba ɗaya. RFC 7938 ta 2016, wadda Petr Lapukhov da abokan aikinsa suka rubuta, ta bayyana yadda ake gina su da eBGP zalla, wato BGP na tsakanin netwok da netwok, kowane ganye da lambar AS ɗinsa kamar netwok mai zaman kanta. BGP ba ya ambaliya. Hanyar da ya zaɓa kawai yake faɗa wa maƙwabci. A siffar ginshiƙi da ganye, inda hanyoyi duk tsawonsu ɗaya, rashin taswira ba ya cutarwa sosai. A netwok mai faɗin ƙasa, mai layuka masu tsawo da ƙarfi daban-daban, ba zan ba ka shawarar haka ba.

RIFT, wata ƙa'ida da aka zana musamman don siffar ginshiƙi da ganye, ta bi tsakiya: bayanin halin-layi yana hawa sama zuwa ginshiƙai, abin da ke saukowa ga ganye kuwa galibi hanyar gama-gari ce, kuma idan yankewa ta sa wani ginshiƙi ba ya kaiwa wani adireshi, tsarin da kansa yake warware dunƙulen ya sanar da adireshin dalla-dalla. Wato ramin nan na A da B an toshe shi tun daga zane. Ga mai IS-IS da ba ya son barin ta, akwai dabaru biyu na rage nauyin mataki na 2. RFC 9377 ta kawo madubin ambaliya, mai kama da madubin hanyoyi na BGP: yankin mataki na 1 yana ɗaukar fakiti masu wucewa, sanarwar mataki na 2 kuma ta bi ta madubin. RFC 9666 kuwa tana sa yanki guda cur ya bayyana ga na waje kamar rauta ɗaya. Ta farko ta fi barin gani, ta biyu ta fi rage taswira, dukansu kuma na gwaji ne.

Mataki na bakwai: ranar aiki

Idan ka yanke shawarar yankawa, fara da gefe, da yankin da in ya faɗi ba zai ja kowa ba. Ajiye hoton teburin hanyoyi na rautoci da dama kafin ka fara, don ka kwatanta bayan kowane canji. Ba adadin hanyoyi kaɗai ba, har da ƙofar da kowace ke fita. A OSPF, canza yankin layi yana yanke maƙwabtaka har sai ɓangarorin biyu sun yi daidai, saboda haka ka fara ɗaga nauyin layin zirga-zirga ta kauce, ka canza can nesa tukuna, sannan na kusa da kai, in ba haka ba ka rufe wa kanka ƙofa. IS-IS ta fi sassauci, domin rauta na iya riƙe adireshin yanki har uku a lokaci guda: ka ƙara sabon a ko'ina, ka tabbata maƙwabtaka na nan, sannan ka cire tsohon.

Dunƙulewa ita ce ta ƙarshe, bayan yankunan sun kwana biyu a zaune. Kafin ka saka ta, cire layin cikin yankin da gangan a lokacin da aka ware don gyara, ka aika fakiti zuwa adireshin da ke bayansa ta kowace rautar iyaka, ka ga ko suna isa.